Yadda Ake Tsara Wutar Ko-ta-kwana a Asibiti

A gidan zama, idan aka ɗauke wuta, abin da za a rasa bai wuce haske da fanka da sanyin firji ba. A asibiti kuwa akwai mutumin da na'ura ce take yi masa numfashi, akwai bakwainin da ɗumin kwalbarsa ya rataya a kan waya guda, akwai kuma likitan da ya riga ya buɗe cikin majinyaci, ba shi da halin ya dakata ya jira a dawo da wuta. A farkon shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu abokan aikinsu sun fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 1 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna neman magani a cibiyoyin da ko dai ba su da wuta kwata-kwata, ko kuma suna da wadda ba abin dogaro ba ce. Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba, domin a ranar 28 ga Afrilun 2025 wuta ta ɗauke a kusan ɗaukacin Sifaniya da Fotugal na sa'o'i masu yawa, asibitocinsu suka koma kan janareto.

Yawancin shugabannin asibiti, da zarar an ambaci wutar ko-ta-kwana, hankalinsu yakan tafi kan girman janareto da sunan kamfanin da ya ƙera shi. Amma wanda ya bi diddigin lokutan da wuta ta ci amanar asibitoci zai ga cewa ba kasafai injin kansa yake fara gazawa ba. Abin da yakan gaza shi ne batirin tayar da shi, ko famfon da ke kai masa mai, ko na'urar da ke sauya layi, ko kuma mutumin da ke riƙe da makullin ɗakin inji ya tashi daga aiki. Don haka duk shawarar da ke tafe ta ginu ne a kan duban hanyar wutar gaba ɗayanta, tun daga tankin mai har zuwa soket ɗin da ke gefen gadon majinyaci.

Rarraba kayan aiki gwargwadon haƙurinsu

Kafin a nemi farashin komai, sai injiniya ya zaga asibitin ɗaki-ɗaki tare da babbar ma'aikaciyar jinya ta kowane sashe, yana rubuta kowace na'ura da wutar da take ci, ita kuma tana faɗa masa abin da zai sami majinyaci idan na'urar ta tsaya, da tsawon lokacin da za a iya jurewa. Wannan zagaye ba ya yiwuwa daga ofis, domin zanen gini ba ya nuna na'urorin da aka sayo bayan an gama ginin, kuma injiniya shi kaɗai ba zai san cewa injin zuƙe majina da ke kusurwa ya fi babbar na'urar da ke kusa da shi muhimmanci da tsakar dare ba.

Daga wannan rubutu kaya za su kasu. Akwai waɗanda ba sa jure ko ƙiftawar ido, kamar fitilar tiyata, da na'urar numfashi, da na'urorin lura da bugun zuciya, da kwamfutocin da ke riƙe da bayanan majinyata. Akwai waɗanda za su jure 'yan sakan kaɗan har janareto ya tashi, kamar fitilun hanyoyin fita, da ƙararrawar gobara, da soket ɗin gefen gado, da firjin jini wanda dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyas, da firjin alluran rigakafi da ke buƙatar digiri 2 zuwa 8. Akwai masu iya jiran mintuna, kamar lif da injin dafa kayan tiyata da famfon ruwa. Sauran kuwa, irin su ofisoshi da ɗakin wanki, ana iya barinsu a duhu. Ƙa'idojin da ƙasashe da yawa ke bi sun sa wa wannan rarrabawa adadi. Ƙa'idar Amurka mai lamba NFPA 99 ta raba wutar asibiti ta dole zuwa rassa uku, wato reshen tsare rai, da reshen kula da majinyata, da reshen manyan injuna, kuma ta wajabta rassa biyu na farko su sami wuta cikin sakan 10. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60364-7-710 ta nemi fitilar tiyata ta dawo cikin rabin sakan kuma ta ɗore awa 3, sauran kayan tsare rai kuma su dawo cikin sakan 15. Sai a duba wadda dokar ƙasa ta ɗauka a bi ta, idan kuma dokar ta yi shiru, a ɗauki ɗaya daga cikinsu a tsaya a kanta.

Abin da aka fi mantawa da shi a wannan lissafi shi ne sanyaya ɗaki, saboda ana kallonsa a matsayin jin daɗi. A watan Satumban 2017, bayan guguwar Irma, taransifomar da ke ba na'urar sanyaya wani gidan kula da tsofaffi wuta a jihar Florida da ke Amurka ta lalace, fitilu suna ci amma zafi yana ƙaruwa, har masu bincike suka danganta mutuwar mutum 12 da wannan zafi. Daga baya jihar ta wajabta wa irin waɗannan gidaje tanadin wutar da za ta riƙe zafin ɗaki a kusan digiri 27 na tsawon awa 96. A wurare masu zafi, sanyaya ɗakin tiyata da sashen masu tsananin jinya da ɗakin ajiyar magunguna yana cikin kayan dole. Haka nan injin samar da iskar oksijin, da kwamfuresar iskar numfashi, da layukan tarho na cikin gida.

Girman janareto

Ana rubuta girman janareto da wani ma'auni da ake kira kVA, alhali kayan aiki da kilowat ake lissafa su, kuma a bisa al'ada ana ninka kVA da 0.8 a sami kilowat, wato janareto mai kVA 500 kilowat 400 yake bayarwa. Bayan an tara jimillar kayan dole, sai a tuna cewa injin da ke juyawa, kamar na famfo ko kwamfuresa ko lif, yakan ja wutar da ta kai ninki shida na abin da yake ci a lokacin tashinsa. Idan dukansu suka tashi lokaci ɗaya, ƙarfin wuta zai faɗi, na'urori masu laushi su kashe kansu, wani lokaci janareton ma ya mutu. Maganin wannan shi ne a jera su bi da bi, kayan tsare rai su fara shiga, manyan injuna su biyo baya da tazarar 'yan sakan a tsakaninsu. Na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki ma suna jan wuta mai yawa farat ɗaya, saboda haka a nemi adadinsu daga takardar kamfanin da ya ƙera su. Zafin gari da tsawon wuri daga matakin teku duk suna rage ƙarfin inji, kuma kowane kamfani yana da jadawalin wannan ragi. A kuma lura da bambancin injin da aka ƙera don jiran ko-ta-kwana na 'yan sa'o'i a shekara da wanda aka ƙera don aiki kullum, domin a inda wutar gari ke ɗaukewa kowace rana na biyun ne ya dace.

Sayen wanda ya fi ƙarfin buƙata da nisa ma kuskure ne, ko da yake mutane suna ganinsa kamar taka-tsantsan. Injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai ɗanyen mai da baƙin hayaƙi su taru a salansa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa a hankali. Abin da ya fi shi ne a raba lodin tsakanin janareto biyu ko uku, ta yadda idan ɗaya ya lalace ko ana yi masa juyen mai, sauran za su ɗauki kayan dole. Asibitin da ke da janareto guda ba shi da wutar ko-ta-kwana a duk ranar da makaniki ya kwance shi.

Inda za a ajiye shi

A daren 29 ga Oktoban 2012 guguwar Sandy ta turo ruwan teku cikin birnin New York. Asibitin Bellevue yana da janaretocinsa a hawa na 13, inda ambaliya ba za ta taɓa kaiwa ba, amma famfunan da ke tura musu mai suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma ruwa ya cinye su. Ma'aikata suka jeru a kan matakala suna miƙa wa juna jarkokin mai har hawa na 13 don injunan su ci gaba da aiki, daga ƙarshe dai sai da aka kwashe majinyata fiye da 700. A asibitin NYU Langone da ke maƙwabtaka da shi wutar ko-ta-kwana ta gaza a wannan dare, ma'aikatan jinya suka riƙa sauko da jarirai ta matakala cikin duhu suna matsa musu jakar numfashi da hannu. Shekara bakwai kafin nan, guguwar Katrina ta riga ta nuna irin wannan rauni a asibitocin New Orleans, inda ruwa ya ci kayan wutar da aka girka a hawan ƙasa.

Abin yi a nan shi ne a bi hanyar mai da hanyar waya da ƙafa, ana tambaya a kowane mataki ko ruwa ko gobara ko ɓarawo zai iya isa wurin. Janareto da tankinsa da famfonsa da allon rarraba wuta da na'urar sauya layi, dukansu su kasance sama da iyakar da ambaliya ta taɓa kaiwa a yankin, da ƙarin rata. Famfon mai ya ci wuta daga janareton kansa, a kuma tanadi famfon hannu kusa da shi. Kada wayar wutar gari da wayar ko-ta-kwana su bi rami ɗaya ko su kwana a ɗaki ɗaya, domin gobara guda za ta iya cinye su tare. Ɗakin inji yana buƙatar iska mai shiga da fita sosai, tun da zafin ɗaki yana iya kashe inji bayan awa ɗaya ko biyu, kuma bakin salansa ya yi nesa da tagogi da mashigar iskar ɗakunan jinya, saboda hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid mai kisa ba tare da an ji warinta ba. Yana da kyau a fitar da wata mahaɗa a jikin bangon waje wadda za a jona janareton haya cikin sauri idan na gida ya gaza.

Sakan goma na tsakiya

Na'urar sauya layi, wadda masu sana'a ke kira ATS, ita ce ke lura da ɗaukewar wuta, ta umarci janareto ya tashi, ta jira ƙarfinsa ya daidaita, sannan ta mayar da asibiti kansa. A saita ta yadda ba za ta yi gaggawar komawa kan wutar gari ba sai wutar ta zauna na wasu mintuna, domin wutar da ta dawo takan sake ɗaukewa, kuma a bar inji ya yi kamar minti biyar ba lodi ya huce kafin ya mutu. A zaɓi irin wadda ake iya kewaye ta da hannu a gyara ta ba tare da an kashe wa sashe wuta ba, kuma kowane reshe ya sami tasa, kada asibiti gaba ɗaya ya rataya a kan guda.

Tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareto akwai giɓin da batir ne kawai ke cike shi. Na'urar riƙe wuta da aka fi sani da UPS iri-iri ce, kuma wadda ta dace da ɗakin tiyata da sashen masu tsananin jinya ita ce wadda kullum wuta ke ratsa cikinta kafin ta isa ga kaya, domin ba ta da lokacin sauyawa ko kaɗan. Rauninta yana batirinta. Batirin dalma da aka ƙiyasta zai yi shekara biyar a digiri 25, rayuwarsa takan ragu da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10, kuma yakan nuna cikakken caji a allo alhali ba zai riƙe lodi na minti biyu ba. Haka abin yake ga baturan da ke cikin na'urorin numfashi da famfunan ƙarin ruwa, saboda haka a riƙa cire su daga soket lokaci-lokaci, ba a jikin majinyaci ba, ana auna tsawon lokacin da suke ɗauka. Soket ɗin da ke kan layin ko-ta-kwana kuma a bambanta launinsu, kamar yadda asibitocin Amurka ke amfani da ja, a kuma hana jona butar shayi ko hita a jikinsu.

Mai

Injin dizal yana shan tsakanin lita 0.25 zuwa 0.3 a kowane kilowat na awa ɗaya. Asibitin da kayansa na dole suka kai kilowat 300 zai sha kusan lita 90 a awa, wato lita 8,640 a awa 96, kuma a ƙara kashi ɗaya cikin uku a girman tanki, tun da ba a cika shi maƙil, ba a kuma zuƙe shi har gindi. Awa 96 ɗin nan ita ce tsawon lokacin da hukumar tantance asibitoci ta Amurka ke so kowane asibiti ya tsara abin da zai yi a cikinsa idan agaji bai zo daga waje ba, kuma ma'auni ne mai kyau ga kowa, domin bala'in da ya katse wuta yakan katse hanyar tankar mai.

Dizal ba ya ajiyuwa har abada. Bayan wata shida zuwa shekara yakan fara lalacewa, raɓa tana tara ruwa a gindin tanki, ƙwayoyin halitta suna hayayyafa a tsakanin ruwan da man, su zama dauɗar da ke toshe filta daidai lokacin da inji ya ɗauki cikakken lodi. A riƙa tsiyaye ruwan, a kai samfurin man gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara, a tace shi idan ya daɗe, a kuma ajiye filtoci da fambel da baƙin mai a ɗakin inji. Sandar auna mai ta fi agogon tanki gaskiya, kuma rubuta awon kullum a littafi shi ne ke tona yoyo da sata tun da wuri.

Ƙananan cibiyoyi

Ƙaramin asibitin haihuwa ko ɗakin shan magani ba ya buƙatar duk wannan tsari, kuma sau da yawa farantan sola da batirin litiyam da inbata sun fi masa janareto, domin ba sa jiran mai kuma ba su da giɓin sauyawa. Lissafinsa na dare ne: injin tace oksijin mai lita 5 a minti yana cin kusan wat 350, wato fiye da kilowat-awa 4 a daren awa 12, kuma shi kaɗai ya fi dukan fitilun cibiyar ci. A auna batir da dare mafi tsawo da ranakun hadari, a ware layin ɗakin haihuwa daga na gidajen ma'aikata, a riƙa wanke farantan, a sa kuɗin sauya batir cikin kasafi tun ranar farko. Don rigakafi akwai firjin da ke aiki kai tsaye da rana ba batir, yana daskarar da ruwa a jikinsa ya riƙe sanyi kwana da kwanaki.

Gwaji

Nan ne mafi yawan tsare-tsare masu kyau suke rushewa. Kunna janareto na minti biyar da safe ba lodi yana tabbatar da abu ɗaya kawai, cewa ya tashi, bai ce komai ba game da na'urar sauya layi ko lagireto ko filta. Ƙa'idar Amurka kan wutar ko-ta-kwana mai lamba NFPA 110 ta tsara dubawa kowane mako, da gwaji kowane wata na aƙalla minti 30 da lodin da bai gaza kashi 30 cikin 100 ba, da gwajin awa 4 a jere sau ɗaya cikin kowane wata 36. A duban mako, batirin tayarwa shi ne kan gaba, domin shi ne ya fi kowane abu hana janareto tashi: a duba cajarsa tana aiki, a goge tsatsar kawunansa, a sauya shi bayan shekara biyu zuwa biyu da rabi ko da yana kama da lafiyayye. A duba ruwan lagireto da baƙin mai da yoyo, sannan a tabbata makunnin inji yana kan tashi-da-kansa, domin makaniki yakan kashe shi lokacin gyara ya manta bai mayar ba.

Gwajin wata a fara shi daga na'urar sauya layi, kuma a riƙa sauya wadda ake farawa da ita, wani yana riƙe da agogo yana ƙirga sakan. Aƙalla sau ɗaya a shekara kuma a katse wutar gari da gangan daga babban makunni, bayan an sanar da kowane sashe, an zaɓi lokacin da ba a tiyata, an tsayar da ma'aikaci kusa da kowane majinyacin da ke kan na'ura. Shugabanni sukan ji tsoron wannan gwaji, kuma tsoronsu yana da dalili, amma a ra'ayina shi ne gwaji mafi amfani, domin shi ke bayyana firjin jinin da aka matsar zuwa soket ɗin da ba na ko-ta-kwana ba, da sabon sashen da aka gina aka manta ba a jona shi ba, kuma gara a gano haka da rana tsaka injiniya yana tsaye. Duk abin da aka gani a rubuta shi da kwanan wata da sunan wanda zai gyara da ranar da zai gama.

Ma'aikata ma ana gwada su. A kowane lokacin aiki, har da daren hutu, a sami wanda ya iya tayar da janareto da hannu da sauya layi da hannu, matakan kuma a rubuta su da manyan haruffa a manna a bangon ɗakin inji, inda fitila mai batir za ta haska su. Makullin ɗakin ya kasance a wurin da mai gadi da shugaban masu jinya na dare suka sani. A kowane gadon da ke da na'urar numfashi a rataye jakar numfashi ta hannu, a ajiye tukunyar oksijin a cike, an riga an ɗaura mata kan da ke daidaita fitar iska, da injin zuƙe majina na ƙafa, da tocilan goshi masu caji. Lambobin mai kawo mai da makaniki da kamfanin wuta su kasance a takarda, haka ma jerin majinyatan da za a fara kwashewa da asibitin da aka yi yarjejeniya zai karɓe su, tare da adadin awannin man da idan ya rage za a fara kwashewar tun lif yana aiki.